HARSHE DA ZAMAN YAU DA KULLUM A ƘASAR JAMUS



GABATARWA

Idan aka ambaci Jamus a ƙasar Hausa, abin da yakan fara zuwa zukatan mutane shi ne mota mai ƙwari, da injin da ba ya saurin lalacewa, da kuma gidan rediyon nan na Muryar Jamus, wanda ya fara watsa shirye-shirye da Hausa a 1963. Ba safai akan tsaya a tambayi yadda mutanen ƙasar suke zaune a gidajensu ba, ko yadda suke gaisawa, ko abin da ya mai da su al'umma ɗaya. Wannan lacca za ta dubi waɗannan abubuwa ta fuskar harshe. Abin da take so ta nuna shi ne, tun kafin Jamusawa su sami gwamnati ɗaya sun riga sun sami harshen rubutu ɗaya. Wannan harshe kuwa gina shi aka yi cikin ƙarnoni da dama, da aikin masu fassara, da maɗaba'a, da makaranta, da ofis. Kuma ginin nasa bai hana kowane yanki riƙe karin harshensa ba.

Jamus tana da mutane fiye da miliyan 83, a cikin jihohi 16. Jamusanci kuwa ya zarce iyakarta. Shi ne harshen hukuma a Ostiriya da Liechtenstein, yana kuma cikin harsunan hukuma a Siwizalan da Beljiyam da Luxembourg, da wani lardi na arewacin Italiya. Waɗanda suka tashi da shi tun daga tsumma sun haura miliyan 90.

ASALIN SUNA DA KARE-KAREN HARSHE

Jamusawa suna kiran harshensu Deutsch. Asalin kalmar yana nufin abin da yake na jama'a, watau harshen talakawa, don a bambanta shi da Latin, wanda shi ne harshen coci da malamai. An sami kalmar cikin sigarta ta Latin a wata takarda ta shekarar 786. Ke nan sunan al'ummar kansa daga harshe ya samo tushe.

Amma fa a wancan zamani babu wani Jamusanci guda ɗaya. Kare-karen harshe ne barkatai, waɗanda masana suka kasa gida biyu: na tudu, a kudu da tsakiya inda ƙasar take da duwatsu, da na gangare, a arewa inda ƙasar ta kwanta har bakin teku. Abin da ya raba su wani canjin baƙaƙe ne da ya faru a kudu bai kai arewa ba. Alal misali, ruwa a tudu Wasser ne, a gangare Water. Aikatawa a tudu machen ce, a gangare maken. Masana sun ja layin wannan bambanci a taswira, ya ratsa kusa da birnin Düsseldorf ya nufi gabas. Tazarar ta kai ga manomin Bavariya da masuncin gaɓar tekun arewa, in kowa ya tsaya kan karinsa, ba su fahimtar juna sosai. Wannan ya fi ƙarfin abin da ke tsakanin Kananci da Sakkwatanci nesa ba kusa ba.

YADDA AKA GINA DAIDAITACCEN JAMUSANCI

Tubali na farko maɗaba'a ce. Wajen 1450 Johannes Gutenberg ya fito da hanyar buga littafi da haruffan ƙarfe a birnin Mainz. Mai buga littafi ɗan kasuwa ne, yana son hajarsa ta shiga ko'ina, saboda haka sai maɗaba'u suka riƙa guje wa kalmomin da gari ɗaya kaɗai ya sani.

Tubali na biyu fassara ce. A 1522 Martin Luther ya fitar da fassarar Sabon Alkawari, wadda ya yi cikin makonni goma sha ɗaya yana ɓoye a ganuwar Wartburg, sa'an nan a 1534 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya. Luther ya ɗauki harshen da akawuna suke rubutu da shi a fadar Saksoniya, wanda yake tsaka-tsaki tsakanin kudu da arewa, ya kuma nace kan cewa mai fassara ya saurari yadda ake magana a gida da kasuwa. Littafin ya shiga gidajen da ba su mallaki wani littafi ba sai shi. Mutanen arewa, da yake akasarinsu sun bi tafarkin Luther, sai suka koyi Jamusancin tudu daga littafi, suna furta shi kamar yadda aka rubuta. Shi ya sa har yau akan ce mutanen Hanover, da ke arewa, su ne suka fi kowa kusa da daidaitaccen lafazi. Yankunan Katolika na kudu sun daɗe suna ja da baya, ba su rungumi wannan salo sosai ba sai a ƙarni na 18.

Duk da haka harshen bai sami daraja nan da nan ba. Bayan yaƙin shekara talatin, 1618 zuwa 1648, ƙasar tana rarrabe cikin masarautu da birane masu cin gashin kansu wajen 300. Jami'o'i da Latin suke koyarwa, fadoji kuwa da Faransanci suke taƙama. Sarki Frederick na Biyu na Furusiya, wanda ya yi mulki daga 1740 zuwa 1786, da Faransanci yake rubuta littattafansa, har a 1780 ya wallafa wata maƙala da Faransanci yana kushe adabin Jamusanci. Masu ilmi da yawa sun ɗauka harshen nan bai isa ya ɗauki falsafa ko lissafi ba.

Waɗansu malamai ne suka ƙi yarda da haka. A 1687 Christian Thomasius ya manna sanarwa a Jami'ar Leipzig cewa zai ba da lacca da Jamusanci, abin da ya harzuƙa abokan aikinsa. Bayansa Christian Wolff ya rubuta littattafan falsafa da lissafi da Jamusanci, yana ƙirƙiro kalmomin fannu daga cikin harshen. Sa'an nan marubuta irin su Goethe da Schiller suka nuna iyakar abin da harshen zai iya ɗauka a waƙa da wasan kwaikwayo. Dokokin tilasta karatu, kamar na Furusiya a 1763 da na Ostiriya a 1774, su ne suka soma kai daidaitaccen harshen ƙauyuka.

Aikin ƙamus kuwa ya nuna irin haƙurin da abin ya ci. 'Yan'uwan nan biyu, Jacob da Wilhelm Grimm, waɗanda suka tattara tatsuniyoyin Jamusawa suka fara bugawa a 1812, sun soma babban ƙamusu a 1838. Wilhelm ya rasu a 1859 bayan ya gama harafin D, Jacob ya rasu a 1863 yana cikin harafin F. Waɗansu suka ɗora, har aka kammala a 1961, watau bayan shekara 123, cikin juzu'i 32.

Sai a 1871 Jamus ta zama ƙasa ɗaya, kuma a nan ne ma'aikatan gwamnati suka shigo. Heinrich von Stephan, shugaban gidan waya, ya ba da umurni aka maye ɗaruruwan kalmomin aro da na gida a harkar aika wasiƙu. A 1880 wani shugaban makaranta, Konrad Duden, ya buga ƙamusun ƙa'idojin rubutu mai kalmomi wajen 27,000, sa'an nan taron da aka yi a Barlin a 1901 ya tsai da ƙa'ida ɗaya, wadda Ostiriya da Siwizalan ma suka karɓa. Har yanzu in gardama ta tashi a ofis kan rubutun wata kalma, Duden ake buɗewa. A farkon ƙarni na 20, harshen da sarki ya rena ya zama ɗaya daga cikin manyan harsunan kimiyya, da shi Einstein ya rubuta maƙalunsa na 1905.

Abin da ya sauƙaƙa wannan aiki shi ne yadda Jamusanci yake harɗa kalmomi. Asibiti Krankenhaus ne, gidan marasa lafiya. Talbijin Fernsehen, gani daga nesa. Safar hannu Handschuh, takalmin hannu. Yaron makaranta yana jin sabuwar kalma sai ya gane inda ta dosa, domin da kayan gida aka ƙera ta.

HARSHE A BAKIN JAMA'A

To, yaya wannan tarihi yake bayyana a zaman yau da kullum? Baƙo yakan fara ganinsa a gaisuwa. Littafin koyo zai ce masa Guten Tag, amma a Hambug zai ji Moin, safe da yamma. A Bavariya da Ostiriya zai ji Grüß Gott. A Siwizalan kuwa Grüezi. Ɗan ƙaramin burodin da ake karya kumallo da shi sunansa Brötchen a littafi, amma Schrippe ne a Barlin, Semmel a Munik, Weckle a wajen Stuttgart. Ranar Asabar ma sunanta biyu, Samstag da Sonnabend. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A Siwizalan abin ya fi haka: malamin jami'a da direban bas duk da karin garinsu suke hira, daidaitaccen harshe na rubutu ne da makaranta da labarun rediyo. A arewacin Jamus kuwa karin gangare ya ja baya ƙwarai cikin ƙarni na 20, sai daga baya aka farga, aka ba shi kariyar doka a 1999, waɗansu makarantu kuma suka fara koyar da shi.

Abu na biyu shi ne lamirin girmamawa. Bajamushe yana da du, na 'yan'uwa da yara da abokai, da kuma Sie, na baƙo da babba da abokin hulɗa. Bahaushe ba zai sha wuyar gane wannan ba, tun da shi ma yakan ce wa babba ku. Bambancin shi ne, a Jamus Sie kan tafi ta ɓangare biyu: shugaban ofis yakan ce wa masinja Sie, ya kuma kira shi da sunan zuriyarsa, da Herr ko Frau a gaba. Mutum biyu sukan shekara ashirin a ofis ɗaya ba su sauka daga Sie ba. Sauka zuwa du kuwa tayi ake yi, kuma babba ne yake da ikon yin tayin. Samari da ɗalibai sun sassauta wannan tun daga ƙarshen shekarun 1960, amma a ofishin gwamnati da banki da asibiti ƙa'idar tana nan. Haka kuma harshen ya raba Freund, amini, da Bekannter, wanda aka sani kawai. Baƙo yakan ɗauki wannan a matsayin rashin sakin fuska, alhali kuwa su a ganinsu kalmar amini tana da nauyin da ba a ɗora wa kowa.

Abu na uku lokaci ne. Kusan kome sai da Termin, watau lokacin da aka tsai da tun da wuri: ganin likita, zuwa ofishin rajista, sau da yawa har ziyarar aboki. Wanda zai makara da minti goma ana sa ran ya aiko da uzuri. A nan akwai tarko ga mai koyo, domin halb drei, rabin uku, ƙarfe biyu da rabi take nufi. Jami'a ce kaɗai take da sassauci na gado: in an rubuta haruffan c.t. bayan lokacin lacca, to, sai bayan minti goma sha biyar za a fara. Sai dai kada a ɗauka kome na tafiya kamar agogo. A 2024 fiye da kashi ɗaya cikin uku na jiragen ƙasa masu dogon zango ba su isa kan lokaci ba, kuma kukan wannan yana cikin hirar kowace rana.

Abu na huɗu shi ne raba aiki da hutu. Lokacin tashi daga aiki yana da sunansa, Feierabend, kuma ba a son a dami mutum da zancen ofis bayansa. Tsarin mulkin ƙasar ya kare ranar Lahadi, saboda haka kantuna a rufe suke in ban da 'yan kaɗan, kamar na tashar jirgi da gidan mai. Ba a tayar da injin yankan ciyawa ran nan, kuma kullum daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne. Abincin dare a al'adance ba dafawa ake yi ba, sunansa ma Abendbrot, burodin maraice, da cuku da yankakken nama. Ire-iren burodin da aka yi wa rajista a ƙasar sun haura 3,000. Zumunci kuwa yawancinsa a ƙungiya ake yinsa, wadda suke kira Verein. Akwai irinsu wajen 600,000 masu rajista, na ƙwallo, da na waƙa, da na lambu, da na 'yan kwana-kwana masu aikin sa kai, kowace da tsarin mulkinta da ma'ajinta da littafin taronta.

Wannan ya kawo magana kan takarda. Wanda ya sauya gida sai ya yi rajista cikin mako biyu. Haya, da inshora, da koyon sana'a, duk a rubuce suke. Doka ta ce Jamusanci ne harshen ofis da na kotu. Gaskiya ne Jamusawa da kansu suna ƙorafi kan tsaurin harshen ofis da dogayen kalmominsa, amma dai manomi yana samun wasiƙar hukuma cikin harshen da aka koya masa a firamare, makaniki kuma yana cin jarrabawar zama Meister, watau ƙwararren da ya isa ya yaye almajirai, ba tare da ya bi ta wani baƙon harshe ba.

TABON TARIHI DA SAUYIN ZAMANI

Ba daidai ba ne a kawo alherin abu a ɓoye sharrinsa. Daga 1933 zuwa 1945 gwamnatin Nazi ta mai da kishin harshe da na jini makami. Ta ƙirƙiro kalmomin ofis masu laushi ta lulluɓe kisan Yahudawa miliyan 6 da sauran waɗanda ta hallaka. Wani malamin jami'a Bayahude a Dresden, Victor Klemperer, ya riƙa rubuta irin waɗannan kalmomi a ɓoye, ya buga nazarinsa a 1947. Har gobe akwai kalmomin da Bajamushe mai hankali ba ya furtawa saboda wannan tabo. Korar masana da gwamnatin Nazi ta yi tana cikin dalilan da suka sa Ingilishi ya karɓe wa Jamusanci matsayinsa a kimiyya.

Daga 1949 zuwa 1990 ƙasar ta rabu biyu, har Duden ma ya zama biyu, ɗaya a Leipzig, ɗaya a Mannheim. Kalmomi sun ɗan bambanta: gasasshiyar kaza Broiler ce a Gabas, Brathähnchen a Yamma. Amma shekara arba'in ba ta isa ta raba abin da aka yi ƙarnoni ana ginawa ba, kuma a 1991 aka sake fitar da Duden guda. Gyaran ƙa'idojin rubutu na 1996 ya tayar da ƙura, har aka kai ƙara kotun tsarin mulki, waɗansu jaridu suka ƙi bi, sai da aka yi kwaskwarima a 2006 hankali ya kwanta. Wannan gardama kanta shaida ce ta yadda jama'a suka ɗauki harshen a matsayin kayansu.

Fuskar al'ummar ma ta sauya. Yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Italiya a 1955 da Turkiyya a 1961 ta kawo mutanen da aka zaci za su koma, suka zauna. A yau masu asali da Turkiyya sun kai wajen miliyan 3, Turkanci da Larabci kuma ana jinsu a titunan manyan birane. An daɗe ba a kula da koya wa baƙi harshe ba, sai a 2005 aka kafa darussan sajewa da jama'a, masu awa 600 na koyon Jamusanci, kuma sanin harshen sharaɗi ne na zama ɗan ƙasa. Kalmomin Ingilishi kuwa suna ta kwararowa, jami'o'i da yawa suna ba da digiri na biyu da Ingilishi, ana kuma muhawara kan inda wannan zai kai harshen.

KAMMALAWA

Tsakanin Jamusawa da Hausa akwai tsohuwar alaƙa. J. F. Schön ya buga nahawun Hausa a 1862 da ƙamusu a 1876. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851. Adam Mischlich ya fitar da ƙamusun Hausa da Jamusanci a 1906. Mutanen da suka ga abin da ƙamus da nahawu suka yi wa harshensu, ba abin mamaki ba ne su ɗauki irin wannan aiki da muhimmanci.

Ba a ce Bahaushe ya kwaikwayi zaman Bajamushe ba. Kowace al'umma da abin da ta fi ƙarfi a kai, kuma kaɗaicin da tsofaffi da yawa suke fama da shi a biranen Jamus ba abin sha'awa ba ne. Amma akwai darasi uku a tarihin harshensu. Na farko, babu harshen da aka halitta da kalmomin kimiyya. Jamusanci ma an taɓa cewa bai isa ba, sai da aka yi aiki da shi sa'an nan ya isa. Na biyu, daidaitaccen harshe bai wajabta kashe kare-karen harshe ba. Mai Katsinanci da mai Damagaranci suna iya haɗuwa a rubutu ɗaya, kowa ya koma gida da nasa. Na uku, aikin ba na marubuta kaɗai ba ne. Malamin jami'a ne ya fara karya al'adar Latin, shugaban gidan waya ne ya sauya kalmomin ofis, shugaban makaranta ne ya tsara ƙa'idojin rubutu.

Hausa ta riga ta aza nata tubalan: ƙamusun Bargery na 1934, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da Hukumar Hausa a 1955, da taron Yamai na 1980 kan daidaita rubutu tsakanin Nijeriya da Nijar. Abin da ya rage shi ne amfani da su. Ɗalibin da ya fassara littafin fanninsa, da ma'aikacin da ya rubuta wa manomi sanarwa cikin ingantacciyar Hausa, da malamin da ya tsaya ya gyara rubutun almajirinsa, su ne za su nuna ko harshen zai tsaya a kasuwa da rediyo, ko kuwa zai shiga ofis da kotu da ɗakin gwaje-gwaje. Ƙamusun Grimm ya ci shekara 123, waɗanda suka fara shi ba su ga ƙarshensa ba. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.